Rukayya Mai Farfesun Kifi

Ni yanzu komai mantawa nake yi. Na taɓa neman hulata har da yi wa iyali faɗa alhali tana kaina. Amma safiyar sunan 'yar Nasiru ta ƙi fita daga raina, kuma tun da wuri gara na faɗa: ba sammu aka yi min ba, ba tsufa ba ne, wautata ce da wayata.

Lodin motoci nake yi a tashar Jabi. Boko kuwa aji uku na yi na gudu, don haka da 'yata ta kawo min waya mai shafawa ban damu da rubutun ciki ba. Bidiyoyin nan gajeru su suka kama ni. Ka shafa, ga akuya ta tunkuyi mai keke. Ka shafa, ga wa'azi. Kafin malam ya kai ƙarshen aya ka shafe shi, ga wata tana soya kifi. Daga Mararaba zuwa Jabi, duk tsawon gosulon nan, ba na ɗaga kai. Har ta kai idan mutum na min magana ta wuce minti ɗaya, sai na ji babban yatsana yana motsi, yana so ya shafe shi (matata ta lura, ban ji da daɗi ba).

Nasiru ɗan marigayi wana ne, yana aiki a ma'aikatar tarayya, mutum mai tsari. Matarsa ta haifi 'yar fari. Mu kuwa a gidanmu uba ba ya tsayawa gaban mutane ya faɗi sunan ɗan fari, kunya ce, sai ya faɗa wa babba. Ni ne babban da ya rage, Allah Ya jiƙan na ƙwarai.

Ana gobe suna ya zo har bencina a tasha da la'asar, ya durƙusa, ya yi ƙasa da murya. Na san ya yi magana, don na ga bakinsa yana motsi. Lokacin kuwa a cikin wayata wani yana ƙoƙarin ɗora saniya a babur.

“Baffa, ka ji ko?”

“Na ji, na ji. Allah Ya raya.”

Washegari da hantsi, ga mu kan tabarmi a ƙofar gidansa a Bwari. Ogoginsa na ofis sun zo da manyan riguna, surukai sun cika gefe guda, rago a ɗaure, mai yanka riƙe da wuƙa. Aka raba goro da dabino. Liman ya karkato kunnensa wajen bakina.

“Alhaji, sunan.”

Na buɗe baki, babu komai. Na leƙa cikin kaina sai ga saniyar nan kan babur. Na waiga neman Nasiru, shi kuma kunyar ta kai shi can bayan motoci, hularsa kawai nake hange. Na dubi gwiwata, sai na ga yatsana yana shafa ta sama, sama, wai ko suna zai fito.

“Alhaji, mutane na jira. Mace ce dai ko?”

“Mace ce,” na ce da ƙarfin gwiwa, don wannan kam na sani.

Ko yaron goye zai iya cankar sunan. Mahaifiyar Nasiru, Hauwa'u, bara ta rasu. Shekara talatin ina cin tuwon matar nan. Amma a lokacin suna ɗaya ne tak ya taso min, tas da shi, har da muryar mai shi: “Jama'a barkanmu, taku ce Rukayya mai farfesun kifi.” Kullum sai na kalle ta sau goma, ni da ko ruwan zafi ban iya dafawa ba.

Na raɗa wa liman. Allah Ya taimake ni ban haɗa da kifin ba.

Aka shafa fatiha, aka sanar yarinya ta ci suna Rukayya, aka kwantar da rago. Sai guɗa ta tashi daga cikin gida, irin wadda ban taɓa ji ba. Surukin Nasiru ya taso ya kama hannuna biyu, idonsa ya kawo ruwa.

“Alhaji, kun gama mana komai. Ba mu zata za a yi wa Hajiya takwara ba.”

Na ce ai ba komai, yi wa kai ne, ban ma san wace Hajiya ba. Ashe kakar jaririyar ta wajen uwa sunanta Rukayya. Kafin a gama feɗe rago, hoton yarinya da sunan sun hau sitatus ɗin dangi kaf, Hajiya tana ciki tana kuka tana sa wa Nasiru albarka. Wa zai shiga ya ce mata kuskure ne?

Abin da na koya shi ne “na ji” ba kalmar da ake faɗa da waya a hannu ba ce. Yanzu idan za a min magana mai nauyi sai na kifa ta, na zauna a kan hannuna.

Da mutane suka watse Nasiru ya raka ni bakin titi. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce tun ranar da aka haife ta yake kiranta da sunan Innarsa a zuciya, amma shi ke nan, haka Allah Ya rubuta. Na fara kame-kame wai na yi ne don ƙarfafa zumunci. Ya tsayar min da mota, ya buɗe ƙofa, sai da na zauna ya sunkuyo.

“Baffa, kai ba ka taɓa sanin sunan surukata ba. Ita taka Rukayyar, wace ce?”