Ƙadangaren da Na Tsinto a Garatu

Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Dutsen Kura lokacin da abin ya faru. Na je ƙauyen Garatu sayen doya, sai na hango wani gutsuren dutse a bakin gona, jikinsa da shatin siraran ƙasusuwa da fiffike a buɗe. A makon ne kuwa na karanta labarin wani ɗan ƙadangare mai tashi, wanda irinsa ya ƙare tun kafin zuwan mutane duniya, sai dai a ga ƙashinsa cikin duwatsu. Na manta da doyar, na naɗe dutsen a rigata, na hau acaɓa.

Kwana uku na kasa zama wuri ɗaya. Na auna shi, na sake aunawa, na hana matata share ɗakin da na ajiye shi, har na raɗa wa ƙadangaren suna mai ɗauke da nawa. Na matsa wa shugaban makaranta ya tara kowa, na gayyato wata malamar jami'a masaniyar duwatsu.

Sai da na yi jawabin rabin awa kafin na miƙa mata dutsen. Ta juya shi, ta kankare gefensa da makullin mota.

Ta ce, "Malam, ai siminti ne. Jemage ne ya faɗa ciki kafin ya bushe."

Na ce, "Hajiya, ko za ki ƙara dubawa?"

Ta nuna mini bayansa, ga ragowar takardar buhun simintin nan a manne.

Har yau, in jemagu suka fito da magariba, sai wani cikin malaman ya bugo mini waya: "Farfesa, leƙo waje, ga bincikenka nan yana wucewa."