Durƙuson da Ba na Haihuwa Ba

Ba zan taɓa mantawa da cikina na fari ba, kuma ba laulayi ne ya sa ba. Rukayya ce ta sa.

Rukayya maƙwabciyarmu ce a Malumfashi. Katanga ɗaya ta raba mu, aji ɗaya muka yi a sakandare, kuma Allah da ikonsa wata ɗaya muka samu ciki. To, iyakar kamarmu ke nan. Ni na kumbura suntum, hancina ya baje, ƙafafuna suka ƙi kowane takalmi sai silifas ɗin maigidan. Ita kuwa sai ƙyalli take ƙarawa, tana tafiya caraf-caraf kamar ba ta ɗauke da komai. Surukata Hajiya, wadda muke zaune gida ɗaya, kullum sai ta ce, "Kai, yarinyar nan Rukayya akwai kazar-kazar, tubarkalla." Ni ko tubarkallar ba a taɓa yi mini ba. Gaskiya na ji haushi, haushi mai ɗaci.

Wata ranar awo Sista ta tambaye ta sirrinta a gaban mata. Ta ce wai yoga take yi, wani motsa jiki na masu ciki, tana kallo a waya tana bi a hankali. Sista ta yaba. Ni kuma bakina bai san kara ba, na ɗaga murya na ce, "Mu dai iyayenmu da daka da surfe suka haife mu. Allah ya kiyashe ni birgima a ƙasa don na ga Baturiya ta yi." Mata suka kwashe da dariya, na koma gida ina jin kaina wata tsiya. (A ranar, kafin la'asar, na nemo bidiyon.)

Na jira har ranar da maigidan ya tafi kasuwar hatsi ta Dandume, Hajiya kuma ta shiga maƙwabta barka. Na ci tuwon masara na ƙoshi, na shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, na jingine waya da filo. Baturiyar da ke cikin bidiyon ta durƙusa a kan gwiwoyi da tafukan hannu, ta lanƙwasa baya, ta ja numfashi ta fesar. Na durƙusa ni ma da cikina wata takwas. Karo na uku jijiyar cinyata ta ɗaure tamau. Na kasa gaba na kasa baya, gumi ya keto mini, ina nishi ina "Wash! Wayyo bayana!"

A haka Hajiya ta ɗaga labule.

Kowa ya san abin da ake nufi idan aka tarar da mai tsohon ciki a durƙushe tana nishi, domin da haka kakanninmu suka haihu. Hajiya ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! 'Yar nan, tun yaushe? Shi ne kika yi shiru don kunyar ɗan fari? Kada ki motsa!" Ni dama ina na ga ta motsi. Na dai samu na kife wayar da gefen hannu.

A nan ya kamata in ce, "Hajiya, motsa jiki nake." Kalma huɗu kacal. Amma na tuno dariyar da na sa aka yi wa Rukayya a asibiti, na san kafin magariba labarin ya tsallaka katanga. Sai na ƙara nishi. (Allah ya yafe mini, har da ɗan cije leɓe na yi.)

Kafin a ce me, gida ya cika. An ɗora ruwan zafi, an wanko rubutu an ɗura mini, wata tsohuwa tana ta tofa mini addu'a a ka. An buga wa maigidan waya ya baro cinikin masara a tsakiya. An buga wa Innata a Funtua, ta hau mota ko mayafi bai zauna mata daidai ba. Kuma wa ta fi kowa rawar jiki? Rukayya. Ita ta tsayar da mai keke, ita ta haɗa kayan haihuwa, ita ta riƙe hannuna har asibiti tana cewa, "Ja numfashi a hankali, ƙawata." Ko a cikin wannan hali sai da na lura lallenta ya fi nawa kamawa.

Sista ta duba ni ta sake dubawa, ta cire safar hannu ta ce, "Ko alamar naƙuda babu. Me kike yi a durƙushe?"

Na ce, "Allura na yar."

Daidai nan Rukayya ta miƙo mini wayata, ta ce ta tsinto ta a kan tabarma. Yatsana ya taɓa gilashin, sai ga Baturiya a durƙushe, baya a lanƙwashe, tana fesar da numfashi kamar yadda aka same ni. Hajiya ta matso da fuskarta ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ita ma wannan baiwar Allah haihuwar za ta yi?"

Sista ta yi dariya har da zama a kujera. Rukayya ba ta yi ba, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Ta sunkuyo ta raɗa mini, "Ba a yi bayan an ci tuwo. Gobe ki shigo mu yi tare." Wato har a hali ma ta fi ni.

Bayan wata guda naƙudar gaske ta zo, da hantsi. Na rarrafa ƙofar Hajiya ina kiran sunan Allah. Ta leƙo ta dube ni sama da ƙasa, ba ta ko ajiye ludayin da ke hannunta ba, ta ce, "To 'yar nan, wannan na gaske ne ko na waya?"

Tun daga ranar, duk abin da na san zan kwaikwaya a ɗaka, ba na zaginsa a bainar jama'a. Idan kuma ya zama dole in kwaikwaya, sai na fara sa sakata.