Yadda Ake Ɓoye Son Mace a Cikin Gilashi Mai Launi

Kai mai karatu, idan son wata ya zaune maka a zuci, bakinka kuma ya yi nauyi, kwantar da hankalinka. Wanda ya bi matakan nan sau da ƙafa, babu mahalukin da zai ji kalmar so daga bakinsa har abada. An gwada hanyar a kan Mordecai, matashin da ya karanta fasahar zane a jami'a, yake zaune a ɗakin haya a Samaru, kuma ta yi aiki fiye da yadda ya roƙa.

1. Zaɓi sana'ar da ba a surutu a cikinta

Gilashi mai launi, irin na tagogin coci, shi ne daidai da kai. Ka yanka, ka jera, ka ɗaure da dalma, bakinka a rufe. Mordecai ya yi shekara da shekaru yana zaune a bayan Diana, wadda ta zaune masa a zuci, cikin mawaƙan cocinsu na Sabon Gari. Ya san launin da hasken safe yake yi a gefen kunnenta, amma hirarsu ba ta taɓa wuce "ina gajiya" ba. Masu hikima sun ce shiru ma magana ce. Ba su dai ce ana jin ta ba.

2. Jira wani ya riga ka

Ba za ka daɗe kana jira ba. Ejiofor, mai shagon kayan gini, mutumin da bai taɓa nazarin haske ba, ya tare Diana bayan sujadar Lahadi ya faɗa mata da baki. Ba a jima ba iyayensa suka kai gaisuwa. Ka taya shi murna da hannu biyu, ka ci gaba da sayen gilashinka a shagonsa.

3. Karɓi aiki mai jigo

Jigo garkuwa ne, domin duk abin da ka zana za a ɗora wa jigon. Zumuntar matan cocin ta shirya baje koli na bikin godiyar kaka, a kan matan kasuwa. Shugabarsu, Mama Dinatu, ta kira Mordecai ta ce ya fito musu da mai tumatir, da mai garin rogo, da mai busasshen kifi, da mai ɗinki, da tsohuwa mai daddawa, kowacce a allonta na gilashi. Ejiofor ya ba da gilashin kyauta, don Allah.

4. Kada ka je kasuwa

Kallon fuskar mutane aikin ɗan koyo ne. Kai da ka yi jami'a, zana daga zuci. Idan hannunka ya ɗiga wa mai tumatir tawadar Allah a ƙarƙashin idon hagu, ka ce daidaita hoto kake yi. Idan ya buɗe wa mai kifi wushirya, ka ce haske ne yake neman hanya.

5. Kada ka jera su, kada ka ɗaga su ga rana

Nan ne asirin yake. Gilashi a kwance a kan tebur duhu ne, ba ya tona kowa. Duk allon da Mordecai ya gama, sai ya naɗe shi da tsohon bargo ya tura ƙarƙashin gado, ya ce wa kansa kada ƙura ta taɓa. Kowace mace ita kaɗai ba ta da laifi.

6. Tsaya kusa da aikinka ranar baje koli

An rataye allunan a jere a tagogin gabas na zauren cocin. Da farko akwai hadari, mutane suna wucewa suna cewa sannu da ƙoƙari. Sai rana ta fito. Zauren ya yi tsit, irin shirun da mata suke yi kafin su raba labari. Mama Dinatu ta gyara tabarau, ta bi allunan ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a gaban tsohuwa mai daddawa, wadda duk furfurarta ba ta hana ta wushirya da tawadar Allah ba.

"Ɗana," in ji ta, "matan kasuwar nan taka, duk uwa ɗaya ta haife su?"

A nan ka yi bayani. Mordecai ya ce abin da ya zana shi ne mace a matsayinta na mace, ba wata takamaimai ba. Wata daga baya ta ce lallai ta san macen, a sahun gaba take waƙa.

7. Karɓi godiya da ladabi

Ejiofor ya bi jerin a hankali, hannuwansa a baya. Sa'an nan ya rungume Mordecai a gaban jama'a, ya sanar cewa bai taɓa ganin kyautar aure irin wannan ba, kuma zai sa allunan a tagogin gidan da yake gina wa amarya a Unguwar Gabas. Ko bai gane ba ne, ko kuwa ya gane fiye da kowa, har yau ana muhawara.

Diana ce ta zo ƙarshe, jan haske da shuɗi suna sauka a kan farar rigarta. Ta dubi allunan, ta dubi yatsunsa da suka sha yanka.

"Mordecai, duk wannan wahalar? Da ka faɗa da baki, lokacin da nake da kunnen ji."

Kada ka ɓata aikinka a wannan gaɓar. Mordecai ya tambaye ta ko launin ya yi mata.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin yankan yatsa, ko rashin barci, ko dariyar zumuntar mata, ko wani abu da rana ta ga dama ta nuna. Alkawarinsa ɗaya ne, cewa ba za a ji kalmar so daga bakinka ba, ya kuma cika shi. Idan ango ya aiko ka zo ka kafa allunan da hannunka, wannan tsakaninka da shi ne. Mordecai dai ya je. An ce aikin ya yi kyau, ko iska ba ta shiga.