Kunama Ba Albarushi

A shekarar 1981 suka fara haɗuwa, a kasuwar Uba, kan cinikin rago. Gabdo Bafulatani maharbi, Mika'ilu Babarbare soja. Tun daga ranar kowa ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne.

Bana ciwo ya taɓa hannun Gabdo na dama. 'Ya'yansa suka ce ranar Juma'a za su karɓe bindigar adakar da ya gada wurin ubansa, tunda hannu na rawa. Mika'ilu ya same shi a zaure a unguwar Lokuwa, bindiga a cinya.

"…lafiya lau, Fulata. Wa ya ba bawa izinin riƙe makami?"

"Babarbare, rufe ƙofa, tsagar fuskarka na shigo mini da iska. Hannuna zan gwada, ba albarushi."

"Ajiye! Haka kawai za ka saki kunamar bindiga?"

"Ku a bariki ba haka kuke yi ba? Ƙyas, ƙyas, kamar masu kashe kwarkwata."

"Tamu a tsakiya take bugun harsashi. In babu harsashi, allurar bindigar ta bugi iska, ba abin da ya same ta. Ƙaramar bindigar tsuntsaye a gefe take bugu, sai ƙarfe ya ci ƙarfe. Wannan tsohuwar kuwa, ɗan hancin da wuta ke bi za ka murƙushe. Maƙerinsa ya rasu tun kana bin shanu ba wando."

"Shanun da suka sayi kakanka."

Mika'ilu ya zura sandar daka albarushi cikin bututun bindigar, ya tabbatar babu komai. Ya ciro 'yar fata mai kauri daga aljihu, ya ɗora a kan hancin, ya aza ƙwallon dabino a bakin bindigar.

"Auna bango. In ƙwallon ya faɗi, ka koma sayar da nono."

Gabdo ya ɗaga. Hannun da ke zubar da shayi kullum da safe ya kama ƙota, ya yi tsit kamar dutsen Mubi. Kunama ta sauka a kan fata, tif. Ƙwallon bai ko motsa ba.

Mika'ilu ya matso ya duba ƙwallon.

"Ikon Allah. Na ga sojoji iri-iri, ban ga wannan ba."

"Maimaita."

"Aljanun shanu ne suka riƙe maka."

"Za ka faɗa wa yaran ranar Juma'a?"

"Da rantsuwa."

Mika'ilu ya miƙe zai tafi, sai wandonsa ya zame. Gabdo ya dubi igiyar da ke ƙugun Mika'ilu, ya dubi fatar. Daga bel ɗin soja aka yanko ta, wanda Mika'ilu ba ya bari ko jika ya taɓa.

"Kai ka yanka?"

"Ɓera ne."

Gabdo ya yi dariya har da hawaye, ya kwance ɗamararsa ta farauta ya miƙa masa.

"Ɗaura, ubangidana. Na yau kaɗai."