Rasuwar Akwatin Bindigogin Maigida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu a ƙasanta da ya fi baƙin cikin zafi, ni Jibirilla ɗan Tasawa, direba a unguwar Al-Naseem a ƙasar Larabawa, nake sanar da rasuwar akwatin bindigogin maigidana. Ya rasu ranar Talata bayan gajeruwar jinya, yana da shekara huɗu.

Marigayin ba ɗan gata ba ne. Akwatin na'urar huda bango ne da aka yar, na tsinto shi a unguwar Al-Suwaidi. Maigida, wato kafil ɗina da ya tsaya mini na zo aiki ƙasar nan, mai son harbin gwaji ne, yana da ƙananan bindigogi biyu masu lasisi, a tawul yake naɗe su. Shi ya riƙe su a kan kwali, ni na zagaye su da biro, don ko a mafarki ba na taɓa bindiga. Na yanka soso da reza, na ɓata biyu kafin na uku ya zauna, na manna da gam. Kowace bindiga ta samu makwancinta, ba ta motsi ko mota ta faɗa rami.

An shaidi marigayin da riƙon amana. Maganarsa biyu ce tak in an rufe shi: ƙwas, ƙwas. Albarkacinsa ni ke kai maigida filin harbi kowace Alhamis da ƙarfe huɗu, in sha gahawa cikin sanyi, Mukhtari direban cefane kuwa yana gida yana wanke tsakar gida.

Ciwon ajali ya soma ne ranar da Mukhtarin nan ya shinshina marigayin a gaban maigida, ya yamutsa fuska, wai warin man inji yake. Sannan ya zaro waya ya nuna hoton wani baƙin akwatin kanti mai tayoyi da makullin lamba. Maigida ya daɗe yana kallo. Na so in ce ban ji kishi ba, amma a sanarwar mutuwa ba a ƙarya. Kwana uku ko shinkafar kabsa ba ta yi mini daɗi ba.

Sai na tuna yadda mutanen gidan nan ke turara riguna da turaren wuta na bakhur. Bindigogi suna ɗakin maigida a kulle. Na ɗauki kasko da garwashinsa na ajiye a cikin marigayin, na rufe don ƙamshi ya kama sosai, na tafi azahar. Ko da na dawo soso ya narke ya zama kwalta. Garin neman gira na rasa ido. Ƙamshi dai ya kama, wannan ba mai musu.

Ya rasu ya bar makulli ɗaya, da kwalin zane, da ni. Magajinsa mai tayoyi ya iso jiya Laraba, sosonsa ko tsaga babu. Maigida ya yabi hannuna, ya ce ni zan yanka wa bindigogi makwanci a ciki, Mukhtari kuma shi zai riƙa kai shi filin harbi.

Za a yi jana'iza yau Alhamis da ƙarfe huɗu, a kwandon shara da ke bayan gidan maigida. Ana roƙon Mukhtari kada ya wahalar da kansa, mun san yana da tuƙi a lokacin. Masu ta'aziyya za su same ni a tsakar gida, da bokiti da tsintsiya.