Ɗan Lelen Dakta Ya Ƙare a Sito

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da ya ƙi kwanciya, Dakta ta ɗakin gwaji na biyu tana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar samfurinta, wanda aka fi sani da Ɗan Lele. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan kantar sito, yana da kwana arba'in da biyu a duniya.

Marigayin ɗigon ƙarfe ne da bai kai kan allura ba, yana zaune cikin tukunyar dalma. Shekara uku Dakta ta yi a layi kafin a ƙera mata shi. Irin ƙarfen nan ne da ƙwayoyin zarrarsa ba sa zama lafiya, duk kwana uku rabinsa ke rugujewa. Don aiki ɗaya aka yi shi: a harba masa 'yan ƙwayoyin da ake kira niyutron, a auna nawa zai haɗiye, ko a gane yadda taurari ke dafa ƙarfe mai nauyi. Awon yini guda ne, kuma shi kaɗai ya rage mata ta rufe bincikenta.

Ranar da ya iso sito aka kara masa na'urar da ke jin rugujewarsa, sai ƙarrrrr kamar ruwan sama a kan kwano. Dakta har da ƙwalla.

Ciwon ajalinsa fom ne. Ƙa'idar sito, ba a fitar da kaya sai adadin da ke takarda ya yi daidai da wanda aka auna. Fom kuwa sai ya bi ofis huɗu, kwana shida cur. Dakta ta zagaya ta dawo, Mai Sito ya auna ya tarar saura kwata.

"Dakta, ba wannan kayan aka sa wa hannu ba."

"Baba, wallahi shi ne! Raguwa yake yi, halinsa ke nan."

"To, a rubuto raguwar."

Ta rubuto, kafin ta dawo ya sake raguwa. Ta yi dabara ta sa adadin da zai kai bayan kwana shida, Shugaban Sashe ya ce shi ba ya sa hannu a kan gaibu. Muryar marigayin ta koma ƙas-ƙas-ƙas, daga baya ƙas, sai an gaji da jira a ji wani ƙas ɗin.

A fom na bakwai, don takaici, ta rubuta "babu". Mai Sito ya kara na'ura, shiru. Ya buga hatimi, ya miƙo tukunyar yana murmushi.

"Kin gani ko, Dakta? In aka bi ƙa'ida komai sai ya daidaita."

Ya rasu ya bar tukunyar dalma, da fom bakwai, da rahoton bincike mai take amma babu sakamako, da mijin Dakta, wanda aka shekara uku ana ce masa saura kaɗan. Ana roƙon masu ta'aziyya, don girman Allah, kada wanda ya ce mata a nemi wani.

Za a binne shi a rumbun sharar ɗakin gwaji da zarar fom ɗin binnewa ya gama zagaya ofisoshin nan huɗu. Dakta ta ce a wannan karon su sha zamansu. Marigayin ya iya jira yanzu.