Nalado Da Kayan Tuwo A Kan Dutse

Akwai wani mutumin majalisarmu a Gwammaja, Nalado, wanda in dai cika baki ne, to ku ba shi wuri kawai. Ka ce ka taɓa ɗaga buhun shinkafa, sai ya ce shi da haƙori yake ɗagawa. Babban abin tinƙahonsa kuwa Dutsen Dala. Wai da gudu yake hawansa, ya sauko ya sake hawa, ko haki ba ya yi. Mu dai ba wanda ya taɓa ganin ya wuce teburin mai shayin gindin dutsen.

Ana nan sai ya auri Hansai, wata malamar makaranta mai son ganin duniya. Bayan biki ta nuna masa hotunan wata ƙasa a waya, tsibiri ne a tsakiyar teku, duk duwatsu, inda miji da mata ke goya jaka a baya su yi ta bin ƙauyuka a ƙafa.

Ta ce, "Yaya, ina so mu je, amma anya za ka iya? An ce hawan akwai wuya."

Ya ce, "Ni? Ni da na tashi a gindin Dala? Wannan ai juji ne!"

Matsalar ɗaya ce. Nalado in bai ci tuwo ba, gani yake ranar azumi ya yi. Sai ya tara garin masara, da kuka, da daddawa, da man shanu, da tukunya, har da muciya. Hansai ta ce kayan sun yi yawa. Ya ce ita ta ɗauki tufafi kawai, sauran aikin maza ne. To kun san sitikar biki, wadda ake bugawa da hoton ango da amarya a manna a bokitai da kofuna? Tasu ta yi saura da yawa. Gogan naku, da yake fuskarsa tana burge shi, ya bi kayan nan kaf ya mammanna, har jikin muciyar. Wai don kada su ɓata a jirgi.

Ranar tafiya ya biyo ta majalisa da jakar a baya, yana taku ɗai-ɗai. Ya ce, "Ku saurari kirana na bidiyo daga ƙololuwa. Kayan nan ko sauke su ba zan yi ba sai a cikin gajimare."

Suka isa. Da ya ɗaga kai don ya hango ƙarshen dutsen, sai da hularsa ta faɗi. Dala ko jikan wannan bai kai ba!

Aka fara hawa. Ba a yi nisa ba idon Nalado ya raina fata. Gumi sharkaf, tukunya na dukan bayansa ƙwal-ƙwal. Hansai kuwa tana gaba abinta, tana ɗaukar hoton furanni. Ya ce ya gaji? A gaban amarya? Ai gara ya mutu a tsaye.

Ya ce, "Amarya, yi gaba, zan ɗan kama ruwa."

Ya zagaya bayan wani dutse, ya zare garin masara ya ajiye, ya yagi ciyawa ya cusa a gurbinsa don kada jakar ta motse. Aka ɗan taɓa tafiya, ya sake kama ruwa, tukunya ta tafi. Can kuma man shanu. Can muciya.

Hansai ta damu. "Yaya, lafiyar cikin nan kuwa?"

"Ruwan garin nan ne bai karɓe ni ba."

Shirinsa shi ne, in an gama bidiyo, ya ce birai ne suka yi masa fashi. Da jakar ta koma ciyawa zalla, sai ga Nalado ya wuce Hansai fuuu, yana fito, har yana waigowa yana cewa, "Haba Amarya, ɗaga ƙafa mana!"

Da la'asar suka isa masaukin da ke saman dutsen. Mu kuwa muna zaune a majalisa, sai wayar ɗayanmu, Sahabi tela, ta yi ƙara, muka yi caa a kanta. Ga Nalado, jaka a baya kamar rumbu, Hansai na riƙe masa waya.

"Kun gani? Tun daga ƙasa ban sauke ba!" Har da tsallen kwaɗo ya yi mana da ita. Wallahi na ji kunyar kaina, na ce ashe mun daɗe muna ɗaukar alhakin bawan Allah.

Sai muka hango wata tsohuwa a bayansa tana hawowa. 'Yar firit, kai fari fat, akuyarta na biye. A kanta ga ƙullin gari, ga tukunya, ga man shanu, tana dogara muciya. Ta tsaya. Ta dubi muciyar, ta dubi Nalado. Ta dubi tukunyar, ta sake duban Nalado. Sai ta washe baki, ta dire kayan a gabansa, tim!

Mai masaukin, wanda ke ɗan jin Turanci, ya yi wa Hansai bayani. Wai a ƙauyensu abin da aka tsinta a hanya sai an kai wa mai shi. Tsohuwar tana dawowa daga gona ta riƙa ganin fuskar mutum ɗaya a bayan kowane dutse, shi ne ta biyo sawu.

Nalado ya yi tsuru-tsuru. "Ai... ai birai ne suka..."

Hansai ta ce, "To Yaya, in kayan ga su nan, me ke cikin jakar?"

Akuya ce ta ba da amsa. Ta ɗare da ƙafafun gaba, ta tura baki ta gefen zif, ta jawo ciyawa damƙi guda, ta hau tauna. Ta sake jawowa. Jakar ta fara motsewa a gaban idonmu.

Majalisa ta kaure. Sahabi ya faɗo daga benci, ni kuwa har da hawaye. Hansai ma dariya ta ci ƙarfinta, amma ta ƙi kashe wayar, duk da Nalado na ta yi mata alama da ido.

Tsohuwar ta dafa kafaɗarsa cikin tausayi, ta faɗi wata magana. Mai masauki ya juya ta zuwa Turanci, Hansai kuma ta share hawaye, ta matso da wayar bakinta don kowa ya ji.

"Yaya, wai ta ce kada ka damu da saukar gobe. Tana da zani mai ƙwari, za ta goya ka."